Awon Nesa

A ranin 1984 ne Maharazu ya fara ganin Zuliha, lokacin da mutanen Kura da Bunkure suka riga suka saba da ganin ƙasa ta yi kore shar ba tare da hadari ya haɗu ba, albarkacin ruwan madatsar Tiga.

Yana zaune a bakin kanal, magudanar da take kai wa gonaki ruwa, ƙasa da wata 'yar gada, ya sauke famfon feshinsa ya jingine, yana ɗibar ruwa da tafin hannu yana watsawa a bayansa ta ƙarƙashin riga. Sana'arsa ke nan, feshin maganin ƙwari a gonakin tumatir na mutane. Famfon na goyo ne, tsoho, murfinsa yana yoyo. Duk sanda ya ɗaga hannu yana bugawa sai rigar ta ɗage daga wando, maganin ya tsiyayo daidai inda fata take a buɗe. Wurin ya yi ja, ya feso da ƙuraje, yana masa raɗaɗi kamar an goga barkono.

A cikin ruwan ya fara ganinta. Kanal ɗin ya kwanta luf, sai ga fuska ta bayyana a kansa, da kwanon abinci a ka, da farin gyale, balbelu suna ratsawa ta bayanta. Ya tsaya da hannu a ruwa bai motsa ba, don kada ya wargaza ta. Da ya ɗaga kai sai ya ga ashe mutum ce, tana tsaye a kan gada, ta kawar da ido gefe amma ba ta wuce ba.

"Sannu da aiki, mai feshi," in ji ta. "Ruwan da kake wanke gubarka a ciki fa shi albasar babana za ta sha."

Ya ba ta haƙuri, ya ce bayansa ne ke ci da wuta. Ya nuna mata famfon, ya shiga zagin murfin da wanda ya ƙera shi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ita a ganinta ba famfon ne kaɗai mai laifi ba.

"Rigarka da wandonka ne ba sa shiri. Kowa ya kama gabansa, sun bar ka a tsakiya."

"To wa zai shirya su?"

Ta yi murmushi, ta gyara zaman kwanon, ta bi bakin kanal ta nufi gonakin albasa. Ya bi ta da kallo har farin gyalen ya zama kamar ɗaya daga cikin balbelun. Ranar sai da ya fesa kunya ɗaya sau biyu, mai gona yana masa magana bai ji ba.

Kafin magariba ya san ko ita wace ce. 'Yar Malam Baballe ce mai albasa. Ta tashi a gaban yayar mahaifinta, Gwaggo Tambaya, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta, ta zo da keken ɗinki na hannu. A kan keken nan Zuliha ta buɗe ido. Aikinta shi ne ta sayo gwanjo a kasuwar Bunkure, manyan riguna na Turawa da babu mai iya sawa, ta warware su ta fitar wa yara da kayan salla. Kuma ba ta riƙe tef. Uwa ta kawo yaro, Zuliha ta dube shi sau ɗaya, shi ke nan. Abin da take taƙama da shi a duniya ke nan, idonta.

Shi kuwa Malam Baballe ba kuɗi ne suka dame shi ba, gaisuwa ce. Da gwiwa yake auna samari. Wanda ya tsuguna har ƙasa ya jima yana gaishe shi, to ɗan mutunci ne. Wanda ya ɗan rusuna ya miƙe, to sai an bincika gidansu. Saboda haka ne ma zuciyarsa ta ɗan karkata ga Maikuɗi mai gwanjo, wanda shi ma yake son Zuliha, domin Maikuɗi in ya tsuguna sai ya gaishe ka da gajiyar bara. Da aka nema wa Maharazu izinin zuwa zance, Malam Baballe cewa ya yi ya zo, ido ne zai gani.

Ya riƙa zuwa bayan la'asar, lokacin da rana take sanyi kuma iska take kwaso ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga gonaki. Tun daga bayan gida yake jin ƙarar keken, sai ya rage tafiya don ya ƙara saurare. In ya yi sallama ƙarar ta tsaya, ta fito da zare maƙale a gyalenta. Yana ce mata Tela, ita kuma ba ta taɓa kama sunansa ba, Dogo take ce masa.

Hirarsu ba ta da kai. Ya ba ta labarin yadda ruwa yake shiga kunya da sassafe, a hankali, kamar mai neman izini. Ta ba shi labarin abubuwan da take tsinta a aljihun gwanjo, tikitin jirgin ƙasa na wata ƙasa, busasshen fure, maɓallin da ba na rigar ba. Sai su shiga ƙirƙira wa masu kayan rayuwa, wane likita ne, wance mijinta ya yi tafiya tana jiransa a tasha. Wani lokaci su tsaya kawai suna kallon jirwayen rana a bango.

Abu ɗaya ne ya lura da shi. Ba ta son ya zauna a dakali, kuma ba ta son ya karkace.

"Dogo, tsaya sosai mana. Jingina da bangon nan. Ɗaga kanka."

Shi a zatonsa tsayinsa ne yake burge ta, sai ya ƙara miƙewa yana jin kansa kamar giginya.

Wata la'asar ta fito da ƙunshi a ɗankwali, ta ajiye a dakali ta ja da baya, ta ce ya kwance. Ya kwance. Da farko bai gane ba. Riga ce ta kaki mai kauri, mai aljihu biyu a ƙirji, amma inda ya kamata ta ƙare sai ta zarce ta zama wando shuɗi. An haɗe su a ƙugu da ɗinki riɓi biyu, an tsaga gaban an sa dogon zif da aka ciro daga wata rigar sanyi. A ciki kuwa, tun daga kafaɗa har ƙugu, ta shimfiɗa ƙyallen rigar ruwa, yadda ko an juye famfon gaba ɗaya magani ba zai ratsa ba.

Ta ce a jikin makanikan Kadawa ta hango irinta ranar da suka je biki, ta riƙe a ka. A ɓoye ta ɗinka, ko Gwaggo ba ta nuna wa ba, saboda kunya.

"Na shirya maka su," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Ya shafa ɗinkin da hannu. Sannan ya tambaye ta yadda aka yi ta san awonsa.

"Bangon nan ne ya faɗa min. Kafaɗarka tana kaiwa wancan tsagin, ƙugunka daidai da sakatar ƙofa. In ka tafi sai in fito da kara in auna inda ka tsaya."

Ya dubi bangon. Bangon ƙasa ne kamar kowane bango, amma ya ji kamar ya gaishe shi. Wato duk sanda ya juya baya ya kama hanya, ita tana nan tana auna wurin da ya bari. A hanyar gida bai san ya wuce kwanarsu ba sai da ya ga gadar da ba tasu ba.

A ɗakinsa ya zura ƙafa, ya zura hannu, ya ja zif har wuya. Rigar ta zauna masa cif. Kafaɗa daidai, hannu daidai, ƙafa ta tsaya a idon sawu. Ya ɗauko ɗan madubinsa yana haska kansa gaɓa-gaɓa. Sai hularsa ta faɗi, ya sunkuya zai ɗauka.

Nan ya ji wuyan rigar ya shaƙe shi ta gaba, hantsar wandon ta ɗaure shi ta ƙasa, duk bayan ya ɗame kamar fatar ganga. Ya miƙe da sauri. Ya gwada tsugunawa, bai kai rabi ba ya ji zare yana kuka. Rigar mai tsayuwa ce. Muddin kana tsaye sarki ne kai, amma ba ta san mutum yana lanƙwasa ba.

Washegari da ta tambaye shi, idanunta suna ƙyalli, ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji kansa yana cewa ko a kanti aka saya sai haka. Ta rufe fuska da gyale don daɗi. To daga nan kuma ta ina zai fara?

Ya koyi zama da ita. Feshi dama aikin tsaye ne. In zai cika famfo sai ya ɗora shi a kan gini, in abu ya faɗi sai ya ɗauka da yatsun ƙafa. In lokacin salla ya yi sai ya shige bayan wata bukka, ya tuɓe ya sa tsohuwar jallabiyarsa da yake yawo da ita a jaka. Bayansa kuwa ya warke sarai, ƙurajen suka bushe suka zube. Mutane suka ga yana tafiya a miƙe kamar sanda, suka sa masa Soja, rigar kuma suka sa mata shiga-ɗaya.

Wata safiya yana tafe a kan siririyar hanyar bakin kanal, da famfo a baya, sai ga Malam Baballe sun yi kiciɓis. Babu bukka, babu kwana, ruwa a dama, albasa a hagu. Maharazu ya yi niyyar zubewa, gwiwarsa ta fara lanƙwasa, sai ya ji zaren nan ya yi ƙara. Ya tuna daren da ta ɓata a kan keke da hannun da ya murza shi. Ya tsaya a tsaye, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, barka da asuba."

Malam Baballe ya dube shi daga hula har takalmi, ya amsa da hanci, ya raɓa ya wuce.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun a kasuwar Bunkure ya same shi, a teburin mai shayi. Samari sun kewaye shi suna taɓa zif, suna cewa ya juya su ga baya, shi kuma yana juyawa yana faɗin yadda ta zauna masa kamar da ita aka haife shi. Maikuɗi yana gefe yana kurɓar shayi. Ya gane wandon, don daga dilarsa ya fito, kuma ya tuna wadda ta saya. Ya ajiye kofi, ya ce shi dai ya daɗe a harkar tufafi, kuma riga daban wando daban kowa yana iya yin su da ido, amma irin wannan ba ta ɗinkuwa sai an ɗora tef tun daga wuya an bi da shi har hantsa. Ya ce shi bai ce komai ba, tambaya kawai yake, a ina aka yi awon, kuma wa ya riƙe fitila.

Aka fashe da dariya. Maharazu kunya ta rufe shi, shi ma sai ya yi 'yar dariyar yaƙe ya tashi. Dariyar nan ita ta fi komai yi masa ɓarna.

Kafin kasuwa ta sake zagayowa maganar ta shiga gidaje. Matan da suke kawo wa Zuliha yara suka fara aiko a karɓo musu ƙyallayensu. Malam Baballe ya kira 'yarsa, ta rantse ta faɗi zancen bango da kara. Ya ce shi ma yana da ido, ya ga rigar a jikin yaron, bango ba ya ba da irin wannan awo. Ya ce yanzu ya gane dalilin da ya sa yaron ya gaishe shi a tsaye, ya riga ya raina gidan ne. Bai ce zai yi mata dole da kowa ba, amma ya ce Maharazu kam kada ya ƙara taka masa ƙofa. Sannan ya kwance hannun keken ya kulle a akwatinsa.

Maharazu ya bi ta bayan gidan da la'asar, ya rage tafiya kamar yadda ya saba. Shiru. Sai kukan kurciya.

Shi ba mai rubutu ba ne, amma yana da rikoda. Ya sayi batir da sabon kaset, ya tafi can ƙarshen gonaki inda babu kowa, ya danna. Ya tare Gwaggo Tambaya a wurin injin niƙa ya roƙe ta. Tsohuwar ta harare shi, ta ce ita ba 'yar aike ba ce, sannan ta karɓa ta soke a zani. Ga abin da ya ce:

"Tela, ni ne. Ƙarar da kike ji ruwa ne, yau aka buɗe wa gonakin yamma. Na bi ta bayan gidanku ban ji keke ba, na ji kamar an ɗauke wa garin numfashi. Ban iya magana ba, kin sani. Duk inda na duba a kanal ɗin nan ke nake gani, har na daina wanke fuska a ciki don kada in taɓa ki. Ki yi haƙuri da abin da mutane suke faɗa. Allah ya san gaskiya, ni ma na sani. Ki ci abinci."

Kaset ɗin ya dawo ta hannun Gwaggo. Ya juya ɗaya gefen, ya kara kunne. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a cikin tulu:

"Dogo, na ji. Ka ce ka san gaskiya. To an ce da aka faɗi maganar a gabanka dariya ka yi. Ni ban roƙe ka komai ba da na ɗinka, bayanka na tausaya wa. Yanzu in na fita tsakar gida har kaji nake jin kunya. In kana da abin da za ka faɗa, ba ni za ka faɗa wa ba."

Ya saurara har batir ya fara jan muryarta. Ya zauna a kan gadar nan, ƙafafu a miƙe don rigar ba ta yarda da wani zama ba, yana kallon ruwa yana wucewa da ganyaye. Rantsuwa ba za ta yi ba, ita ma ta rantse ba a yarda ba. Shaidar da ta rage guda ɗaya ce, kuma tana jikinsa. Sai dai in ya fito da ita, Zuliha za ta san ya yi mata ƙarya tun ranar farko, gari kuma zai san idon da take taƙama da shi ya kuskure. Ya auna wannan, ya auna wancan. Sunanta ya fi nauyi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Malam Baballe yana zaune a zaure da maƙwabta biyu, Maikuɗi ma ya zo gaisuwa yana gefe a tsugune. Sai ga Maharazu cikin shiga-ɗaya, an wanke ta tas, zif har wuya. A ciki ya sa gajeren wando, don shi mai soyayya ne, ba mahaukaci ba. Ya yi sallama. Maƙwabtan suka amsa, mai gidan ya kawar da kai.

Ya tuɓe takalmi da ƙafa, ya shiga har tsakiyar zaure, ya ja numfashi, ya tsuguna gaba ɗaya har ƙasa.

Ƙarar ta cika zauren. Ɗinkin ƙugu ya ɓalle ta baya daga wannan gefe zuwa wancan, hantsa ta tsage, ƙyallen rigar ruwa ya leƙo waje kamar harshe. Wani daga cikin maƙwabtan ya ce subhanallahi. Maharazu bai tashi ba.

"Baba, barka da yamma. Gaisuwar da na ci bashinta a bakin kanal ce na kawo. Tun ranar da aka ba ni rigar nan ban taɓa iya tsugunawa a cikinta ba. Na ce ta yi min daidai ne don kada ran mai ɗinkin ya ɓaci. Ƙarya na yi, kuma ƙaryata ce ta ja mata magana. A kira wanda ya san ɗinki ya duba."

Malam Baballe ya dubi tsagar rigar, ya dubi yaron. Can ya ɗaga murya ya ce a turo masa Yaya Tambaya. Aka miƙa wa Maharazu mayafi ya rufa, ya juya wa bango ya zare rigar.

Tsohuwar ta zo tana ɗingishi, ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta shimfiɗa rigar a cinya. Ta bi ta da yatsa daga wuya zuwa hantsa, ta auna da taƙi, ta sake aunawa. Sai ta fara dariya, irin ta tsofaffi wadda ba ta da sauti, sai kafaɗa ke rawa.

"Baballe, wadda ta ɗinka wannan ko inuwarsa ba ta taka ba. Duk wanda ya ɗora tef a bayan mutum zai ce masa sunkuya, ya ƙara taƙi guda. Ita ta auna shi kamar ƙyauren ɗaki. Da ta nuna min da na sa mata hantsa, amma ta ɓoye, ga shi ta ɗinka wa bawan Allah kurkuku."

Malam Baballe ya juya ga Maharazu, ya tambaye shi salla fa, yaya yake yi. Ya faɗa masa zancen jallabiya da bayan bukka. Ya tambaye shi tun yaushe yake cikin wannan hali. Ya ce tun tumatir yana fure. Dattijon ya sa hannu ya rufe baki, amma dariyar ta fi ƙarfinsa, ta fito har da tari. Da ya natsu sai ya dubi Maikuɗi, wanda har yanzu yake tsugune, ya ce masa ya tashi haka nan ƙafarsa ta huta. Ya ce bakin da ya iya faɗin wannan magana a kan yarinyar da yake cewa yana so, ba zai ci tuwon gidansa ba. Maƙwabtan nan biyu kuwa, ka san ba a bar labari irin wannan ya kwana ba. Kafin isha duk garin ya ji, kuma kowa ya ce shi dama bai yarda ba.

Da saura, don ita Zuliha tana bayan ƙofa ta ji komai.

Da aka ba shi izini ya dawo zance, ta fito ba zare a gyalenta, ta tsaya nesa. Ya ce Tela. Ya sake cewa. Sai ta ce ita ba tela ba ce, mai ɗinka kurkuku ce, ai ya ji an faɗa.

"Duk wannan lokaci kana shaƙe, ni kuma ina nan ina yabon idona. Ka bar ni ina ta murna a kan abin da yake cutar ka."

"Bayana ya warke, Tela. Wannan ba ƙarya ba ne."

"Da ka faɗa min, da yini ɗaya ya isa in gyara."

Ya ce ranar ya ga yadda idonta yake haske, ya kasa zama wanda zai kashe shi. Ta murza bakin gyale. Daga gonaki iska ta taso, wani yana kora shanu a nesa, ƙararrawar keken wani ta wuce. Ta share ido da bayan hannu.

"To ka yi min alkawari. Ranar da gishiri ya yi yawa a miya, ka faɗa min tun a ɗaki, kafin mutanen kasuwa su ji."

"Wace miyar?" in ji shi. "Ta wane gida?"

Ta gane abin da bakinta ya faɗa, ta ja gyale ta rufe fuska, ta ruga cikin gida. Bai jima da juyawa ba ya ji keken ya tashi, ashe babanta ya mayar mata da hannunsa, yana gudu kamar mai biyan bashin kwanaki. Ya tsaya a bayan katanga har aka kira magariba.

Bayan an kwashe albasa manyansa suka je, aka ba su. Matan da suka karɓe ƙyallayensu suka dawo da su, kowace da uzurinta. Masu feshi biyu ma suka aiko matansu da gwanjo, a ɗinka musu irin ta Soja, amma mai hantsa.

An ɗaura aure a ƙarshen bazara, a ƙofar gidan Malam Baballe. Da yamma aka kawo tarakta da tirela don kai amarya, aka loda gado da kwanuka da tabarmi. Gwaggo Tambaya ta sa aka ɗaga ta aka ɗora, ta rungume keken ɗinkin a cinya, ta ce ta ba Zuliha halak malak, amma babu mai riƙe shi sai ita har a sauke. Kafin su tashi Malam Baballe ya kira ango gefe, ya dafa kafaɗarsa.

"Ga ta nan, amana. In ta yi maka ba daidai ba ka faɗa mata, in ka yi mata ita ma tana da baki. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku binne mu."

Tarakta ta kama bakin kanal a hankali, mata suna guɗa, Maharazu da abokansa suna biye a kan kekuna. Gabas ta yi duhu, iska mai sanyi ta taso, sai ga yayyafin farko na shekara yana sauka a kan busassun kunyoyi, ƙasa ta saki ƙamshi. Mata suka shiga neman abin da za su rufa wa amarya. Ita kuwa amarya, daga cikin lulluɓinta, ta miƙo hannu mai lalle ta ja gefen mayafin ta rufe keken, ta bar kafaɗarta a ruwa.

Maharazu ya gani daga baya. Ya taka keke ya matso gefen tirela, ya cire babbar rigarsa ta angonci ya miƙa wa Gwaggo, ya ce a rufa wa amarya. Tsohuwar ta karɓa tana cewa yau ga ango zai shiga gida da 'yar shara. Aka yi dariya, aka ƙara guɗa, ruwan ya ci gaba da sauka siriri har suka isa.

Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai jin ƙai, ya sa gidansu ya zama wurin da ake faɗa wa juna gaskiya da taushin murya. Waɗanda suka sha kunun bikin nan har yau in an tuna sai su ce amin.